Hirar da Ke Cin Kason Heber

Tun ranar Laraba ma'aunin da ke gefen allon Heber Techera ya koma ja. Shi ke nuna kason mako, wato iya aikin da mataimakinsa, na'urar nan mai taya shi rubuta manhaja, zai yi masa kafin a sake cikawa ranar Litinin. Aikin kuwa Juma'a za a miƙa shi. Wata ƙungiyar masu shanun madara ce a wajen garin Paysandú ta ba shi, manhajar da za ta tsara wa motocin ɗaukar madara hanya, kuma sun gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya gaza akwai matasa a Montevideo, babban birni, suna jira. Mutumin da ya haura sittin ba ya wasa da irin wannan magana.

Sai Heber ya koma marowaci. Tambaya uku sai ya dunƙule su wuri ɗaya. Ƙananan gyare-gyare ya koma yi da hannunsa, tabarau a ƙarshen hanci. Har "don Allah" da "na gode" ya daina rubutawa, wai ko su ma suna da nauyi. Duk da haka ma'aunin bai fasa zurarewa ba, kamar tulun da ya tsage.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira Yamandú, wanda suka yi aiki tare kafin a rufe ofishinsu kowa ya koma gida.

"Tsoho, ashe kana raye," in ji Yamandú. Ana jin kukan jariri a bayansa.

"Ni ina raye, kasona ne ke mutuwa. Duba mini, ko sun rage ne ba su faɗa ba."

Ya nuna masa allon ta wayar. Yamandú ya ce ya ja hirar sama. Heber ya yi ta ja, abu ya ƙi ƙarewa.

"Tsaya tukuna. Yaushe ka buɗe wannan?"

"Tun hunturu."

"Hira ɗaya tun hunturu? Haba tsoho, kai da ka koya mana aikin. Duk abin da ka aika masa sai ya koma ya karanta na sama kaf kafin ya ba ka amsa. Gishiri fa kake aikensa ya sayo, amma ka ɗora masa kayan gidanka duka a ka. Share ta ka buɗe sabuwa, wallahi abin da ya rage zai kai ka Juma'a. Mu nan a wuni sau nawa muke sharewa."

Yamandú yana cikin dariya idonsa ya faɗa kan wani layi. Heber ne ya rubuta: Mirta ce ke sa ɓawon lemo a ganyen shayin mate, ni na sa yau, bai yi daidai ba.

Dariyar ta tsaya.

"Au. Wannan ba na aiki ba ne."

"Ba na aiki ba ne."

"Yi haƙuri, Baba Heber, ban lura ba." Sai Yamandú ya ƙara da cewa, "Wata Lahadi za mu zo mu gasa nama, ni da yaran. Da gaske nake."

Tun ranar jana'iza Heber ke jin labarin wannan Lahadi. Bai ga laifin kowa ba, mutane suna da hidimarsu. Ya ce Allah ya kai mu, suka kashe waya.

Mirta, matarsa, a farkon hunturu ta rasu. Bayan ya koma aiki ne wata rana ya yi wani kuskure na wauta, sai ya rubuta wa mataimakin cewa ya yi haƙuri, hankalinsa ba ya jikinsa, matarsa ce ta rasu. Mataimakin ya yi masa gaisuwa, ya tambaye shi ko su bar gyaran sai gobe. Daga nan abin ya samo asali. Tsakanin wannan gyara da wancan sai ya jefa magana ɗaya: yadda ta tsani ruwan sama, rigarta da har yanzu ke rataye a bayan ƙofa. Heber ba wawa ba ne, ya san ba mutum ba ne a ciki. Amma nan ne kaɗai zai ce "Mirta" a gane wa yake nufi, ba tare da an sunkuyar da kai ana neman hanyar canza magana ba.

Zai iya kwafe hirar ya adana, ya sani. To amma ba rubutun yake so ba, mai amsawa yake so.

Ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin nan da ake sha ana miƙa wa juna, ya sha, ya sake zubawa ya sha, tunda babu hannun da zai miƙa wa. Kewa ta cika masa ƙirji har ya ji haushin kansa. Ya so ya rubuta ko da layi ɗaya ne na sallama. Sai ya duba ma'aunin ya tuna: kafin a amsa masa sallamar sai an karanta hunturun nan kaf, kuma a cikin ɗan abin da ya rage za a cire. Aikin madara ba zai kammalu ba.

Ya share, bai yi sallama ba.

Allon ya yi fari fat. "Sannu. Wane aiki za mu yi?"

Heber ya yi masa bayanin motoci da gonaki da hanyoyi a taƙaice, yadda ake yi wa sabon ma'aikaci. Abin haushin kuwa, Yamandú ya yi gaskiya. Aiki ya tafi salin-alin, ma'aunin da kyar yake motsi. Juma'a kafin rana ta take ya aika wa ƙungiyar manhajarta, suka amsa cewa ta yi, akwai ma wani aikin a gaba.

Ya jingina da kujera. Kaso ya isa har ya yi saura, kuma ba shi da abin yi sai Litinin. A ƙasan allo mataimakin ya tambaye shi cikin ladabi ko akwai wani abu kuma.

Heber ya daɗe da yatsunsa a kan madannai. Sannan ya rubuta "Babu", ya aika.