Kular Mama a Ƙofar Baya

A gidansu Auta ba a cin abincin waje. Dokar Baba ce, kuma ba ya gajiya da faɗinta. Ko ƙamshin gidan abinci ya ji a hanya sai ya yamutsa fuska ya ce, "Mutum ya zauna ya ci abin da bai ga hannun da ya dafa ba? Ai sai wanda ba shi da kowa." Daga nan sai ya shiga yabon miyar Mama. Duk wanda ya taɓa kai keken ɗinki gyara shagonsa ya haddace wannan karatun.

Makon nan yayar Baba ta zo musu kwana biyu, wadda su Auta ke ce wa Gwaggo. Ranar da ta iso, da yamma ta suɗe kwano tas, ta dubi Mama ta ce, "Amarya, gobe ƙafata ƙafarki. Tun daga yankan albasa har saukewa ina tsaye a kanki. Ba zan koma gida ban koyi miyar nan ba."

Mama mai 'ya'ya huɗu, har yau Amarya ce a bakin Gwaggo. Ta yi murmushi ta ce, "To, Yaya." Auta ba mai magana ba ce, amma ido gare ta. Ita kaɗai ta ga cokali ya suɓuce daga hannun Mama, ta kuma ga ta daɗe a sunkuye kafin ta ɗauko shi.

Washegari motar haya ta cika har bakin ƙofa. Auta na rungume da robar abincinta, wani mai babur ya gitta, direba ya danna birki, wani ƙaton mutum ya faɗo mata a cinya. Murfi ya yi gefe. Shinkafa ta gangara ƙarƙashin kujera, miya ta bi siket. Mutumin bai ce ko sannu ba, takalminsa ma ya tsaya dubawa. Ƙarshe Auta ce ta ba shi haƙuri.

A shagon fotokwafin da take aiki an ɗauke wuta tun kafin su gama share ƙofa, janareto kuma ya ƙi tashi. Suka wuni suna fifita da kwalin takarda ita da Anti Rediyo, mai buga takardu a kwamfuta. Ita wannan rediyon ba ta buƙatar wuta.

Da rana ta take, Anti Rediyo ta rataya jaka. "Tashi mu je mu ci abinci. Tun ɗazu cikinki ke amsa min magana."

"Anti, ai Baba ba ya son..."

"Baban yana nan? Ko kyamara ya sa miki a ciki? Tashi, don Allah, kar ki sume min a kan injin mutane."

Gidan abincin na bayan layin masu sayar da kayan mota, sai an tsallake kwata an raɓa ta gefen tulin tsofaffin tayoyi. Ciki zafi kamar bakin murhu. Fanka ɗaya ce, ita ma wani mai tumbi ya juya ta gabansa shi kaɗai. Teburin da suka samu gurgu ne, an cusa masa kwali a ƙafa, in ka ɗora gwiwar hannu sai ruwan kofi ya yi tsalle. Na kusa da su yana tauna nama yana rantsuwa a waya cewa yana tsakiyar taro. Auta ta zauna a bakin kujera, kanta a ƙasa, gani take ko'ina akwai wanda ya san Baba.

Aka dire musu shinkafa da miya. Ta goge jiƙaƙƙen cokalin da gefen mayafi, ta yi bisimilla, ta kai baki.

Ta tsaya cak.

Albasar nan da aka soya har ta kusa ƙonewa. Yajin nan da ba ya kama harshe sai ya sauka maƙogwaro. Har ɗan tsamin da ke zuwa daga ƙarshe. Ta sake ɗebowa. Ba kama ba ce. Miyar Mama ce. Ta sunkuya a hankali kamar mai gyara takalmi, ta shinshina inda miyar safe ta ɓata mata siket. Ɗaya ne.

"Ke, lafiya? Ƙashi kika haɗiye?" in ji Anti Rediyo.

"A'a. Hannu zan wanke."

"Da cokali kike ci fa."

Auta ta riga ta miƙe. Wurin wanke hannun yana can baya, ta wani siririn lungu. Ta murɗa famfo, ya yi tari ya yi shiru, ko ɗigo babu. A ƙarshen lungun akwai labule, tana jin muryoyin mata a bayansa. Ta ɗaga shi kaɗan da niyyar roƙon ruwa.

Wani ɗan fili ne mai ƙofarsa daban da ke fita wani layi. A jikin bango an jera kuloli a kan katako, manya da ƙanana, sun fi ƙarfin ƙirgen ido. Mata na zaune a dogon benci da jakunkunan cefane a gabansu. Mai abincin, wata ƙatuwar mace da tawul a wuya, tana bin kulolin da ludayi tana ba mai taya ta umarni.

"Wannan ta layin makaranta ce, ƙara mata yaji. Maƙwabciyarta ta karɓi irinta jiya, kar mazan su haɗu a ƙofar gida su gane. Waccan a rage mai, surukarta ta zo, ta san ba ta da sakin hannu."

Matan suka kwashe da dariya. Idon Auta ya sauka a kan wata shuɗiyar kula. Hannun kular ya taɓa karyewa, Baba ya ɗaure shi da wayar keken ɗinki, a gabanta ya ɗaure. Sannan ta ji wata dariya da ta fi ta kowa ƙarfi. A ƙarshen benci, ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa, baki buɗe har ana ganin wushiryarta, Mama ce. Auta ba ta taɓa jin ta yi irin wannan dariyar a gida ba.

Suka haɗa ido. Dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta.

"Innalillahi," in ji Mama. Ta miƙe ba takalmi. "Me kike yi a nan?"

"Abincina ne ya zube a mota." Auta ta nuna kan katakon. "Mama, kularmu ce waccan?"

Wata a benci ta ja mayafi ta rufe fuska, wai ko ita ma tata 'yar na bayan labule. Mama ta kamo hannun Auta ta ja ta gefen buhunan gawayi.

"Kin tuna zazzaɓin da aka kwantar da ni asibiti? Tun daga shi hancina da harshena ba su dawo ba. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakina. Na dawo gida na dafa, babanki ya yi cokali biyu ya ture. Bai ce komai ba. Gobe haka, jibi haka, mutum yana ramewa yana cewa cikinsa ne. Ranar da na fara kawo wannan, ya cinye ya ce, 'Alhamdulillahi, hannunki ya dawo.' Ke faɗa min, me zan ce masa?"

"Amma kullum muna jin ƙamshi daga kicin."

"Albasa ce nake soyawa don gida ya ɗauka. Ita ma da ido nake gane ta yi."

Auta ta jingina da buhu, gawayi ya ɓata mata baya ba ta sani ba. Zazzaɓin nan ai tun tana makaranta ne. Ashe duk yabon da Baba ke yi a shago, duk baƙin da ya gayyato don su ji hannun matarsa, duk daga wannan ludayin ne.

"To Gwaggo fa, Mama?"

"Abin da ya fito da ni da wuri ke nan." Idon Mama ya ciko. "In ta gane, kafin ta kai tasha dangin babanki kaf sun ji. Shi kuma da wane ido zai kalli mutane?"

Mai abinci ta matso tana goge wuya. "Ni na faɗa mata duk abin da nake sawa, ban ɓoye ko ɗaya ba. Amma ba na awo. In ɗanɗana in ƙara, shi ke nan." Ta ƙare wa Auta kallo daga sama har ƙasa. "Ke 'yan mata, naki harshen yana aiki?"

A nan bakin buhun gawayi suka shirya. Auta za ta tsaya kusa da tukunya a matsayin mai miƙa kaya, tana ɗanɗanawa a tafin hannu. In ta sosa kunne, Mama ta ƙara gishiri. In ta yi tari, ya isa.

Da yamma Gwaggo ta kafa kujera a ƙofar kicin kamar mai tsaron jarrabawa. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, mutum biyu sai sun yi ta goga kafaɗa. Mama na yanka, Gwaggo na tambaya.

"Albasar har ta yi baƙi haka, Amarya?"

"Haka ake so, Yaya."

"Oh! Ashe nan sirrin yake."

Abu ya tafi daidai. Auta ta ɗiga miya a tafi ta lasa, ta sosa kunne, Mama ta barbaɗa. Ta sake lasa, ta sosa, Mama ta ƙara kaɗan. Ta lasa na uku, murna ta kama ta. Miyar ta kusa. Ba ita ba ce sak, amma 'yar uwarta ce. Ta buɗe baki za ta yi tari ke nan wayar Gwaggo ta yi ƙara a falo, Gwaggo ta tashi tana mita. Auta ta juya tana bin ta da kallo. A daidai nan wani sauro ya sauka mata a bayan kunne, ta kai hannu ta sosa, ta sake sosawa da ƙarfi.

Da ta waiwayo, Mama na kakkaɓe tafin hannu a kan tukunya. Gishiri cike da tafi, har sau biyu.

Auta ta hau tari kamar za ta shiɗe. Gwaggo ta dawo ta bubbuga mata baya. "Yajin ne. Fita ki sha iska, 'yar nan, mu mun saba." Ta kama ludayi ta juya miyar da kanta, ta rufe tukunya.

Aka shimfiɗa tabarma a falo. Baba ya wanke hannu yana cewa, "Yaya, yau kin ga da idonki ko?" Ya kai loma baki. Bakin ya tsaya. Ya haɗiye da ƙyar, ya kai hannu ga kofin ruwa ya shanye. Ya ɗan tura kwanon gaba da yatsa biyu.

Mama ta kalli kwanon.

Gwaggo ta ɗanɗana, ta zaro ido. "Kai! Amarya, wannan ai sai a jiƙa ta a wanke. Kuma a gabana kika yi, ban ga kin ɗanɗana ko sau ɗaya ba." Ta ajiye cokali a hankali, ta karkata kai. "Tsaya ma tukuna. In wannan ce taki, to ta jiya wa..."

"Ni ce."

Duk suka juyo. Auta da kanta ta tsorata da jin ƙarfin muryarta.

"Ke ce me?" in ji Baba.

"Ni na ƙara gishirin. Da Gwaggo ta fita amsa waya, Mama ta juya baya, na ga kamar bai ji ba. Na zuba da yawa."

Ba ta taɓa yi wa Baba ƙarya ba, ga shi ta fito mata sumul, har da kallon cikin ido. Gwaggo ta tafa hannu tana salati. "Shiru-shirun nan? Ka ji min yarinya! Uwarki na girki ki sa mata hannu? Ni da zan kama hanya da sassafe, kin sa na yi tsayuwar banza."

Baba ya daɗe yana kallon Auta kamar yau ya fara ganinta.

"Kin gama sakandare, kina aiki, ba ki san gishiri ba," ya ce. "Laifina ne da na bar ki. Daga gobe in kin taso, kicin. Kullum. Ki tsaya kusa da uwarki, duk abin da ta ɗora ki ɗanɗana, har Allah ya sa ki ɗauko ko rabin hannunta. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Kuma a gidan nan ba a zubar da abinci." Ya turo mata kwanon har gabanta. "Ke kika zuba, ke za ki cinye."

Auta ta ɗebo ta kai baki. Hawaye ya taru mata, harshenta ya ƙanƙance. Ta dubi yawan abin da ya rage a kwanon, ta rasa ta inda za ta fara.

Mama ta matso a kan tabarma har gwiwarsu ta haɗu. Ta ɗauki cokali, ta juyo ɓangaren da miya ta fi yawa zuwa gabanta.

"Kawo in taya ki," ta ce. "Ni ba ya damuna."