Rago Biyu a Turke Ɗaya

Tun daga zaure Fiddausiya ta ji kukan ragon da ba ta sani ba. Fari ne tas, an ɗaure shi kusa da wanda mahaifinta, Malam Kalla, ya shekara yana kiwo saboda layya.

"Alhaji Mahfuzu ya aiko," in ji tsohon. "Ya ce ɗiyata na da ladabi."

Alhaji Mahfuzu ne ɗan kwangilar da ya gina sabon baraji, wato madatsar ruwa, a wani kwari wajen Ibohamane, ita kuwa ce injiniyar da aka tura duba aikin. Sai ta sa hannu za a biya shi. Ta je ta gani: yashi ya rinjayi siminti, ga garaken albasar mutane shimfiɗe ƙarƙashin bangon, ga damina na tafe.

"Baba, ka ba da tukwici?"

"Ke, a Tamaske zan sallami ɗan aike hannu wofi? Gaban maƙwabta?"

Ke nan kyauta ta karɓu, kuma mai da ita zagi ne. Fiddausiya ba ta taɓa musu da mahaifinta ba. Ta durƙusa, ta ciro wani ɓarin bangon daga jakarta ta miƙa masa.

"Mi ne na wanga?"

"Abin da zai tare ruwan kwarin ne, Baba."

Ya murza shi da yatsu biyu, sai ya marmashe kamar busasshen tuwo. Ya daɗe yana kallon garin a tafinsa.

"Ashe ba ni aka gaisar ba," ya ce a hankali. "Hannunki aka saya, aka biyo da kuɗin ta turkena."

Ya miƙe. Ta ɗauka baƙon ragon zai kwance, sai ta ga ya nufi nasa, wanda ya fi girma da ƙiba.

"Kyauta ba a mai da ta, amma ana rama ta. Da kaina zan kai mishi, in yi godiya gaban jama'a. Shi ke nan, ba ya bin mu komi."

"Baba, yana da mutane a sama. Za su iya jefa ni can bakin daji."

"Za su iya."

Ya ja igiyar, ragon na tirjiya, suka fice. Fiddausiya ta tsaya da farin ragon yana kallonta yana tuƙa. Ranar Litinin, ranar sa hannu, za ta ce a'a, sai dai har yanzu ba ta san da wace murya ba.