Takalman Hawan Dutsen Kamilu

Malam Dalhatu na Dudunni bai taɓa hawa abin da ya fi rumbunsa tsawo ba. Shi ya sa ranar da ɗansa Kamilu ya zo masa da albishir ɗin samun aiki, amma can a duwatsun Mambila na jihar Taraba, bakinsa ya yi hamdala, zuciyarsa kuwa ta tafi kan ƙafar yaron.

Kamilu shi ne na uku a 'ya'yansa. Shan inna ya taɓa shi tun yana rarrafe, ya bar masa ƙafar hagu siririya, gajera, tafinta kamar na ƙaramin yaro. Yana tafiya ba sanda, sai dai da ɗingishi. Ya gama makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya, ya zauna shekaru yana bin ofisoshi ba labari. Yanzu wata ƙungiya ta ɗauke shi aikin riga-kafi a ƙauyukan da ko babur ba ya zuwa. Tafiyar ƙasa za su riƙa yi, kwana da kwanaki, kowa da kayansa a baya. Ƙungiyar ce mai ba da magani, amma jaka da takalmi da rigar ruwa, kowa ya zo da nasa.

"Sun san da zancen ƙafar?" in ji Malam Dalhatu.

"Ba su tambaya ba, Baba."

"Kai kuma ba ka faɗa ba."

Kamilu ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Da ya fita, uwarsa Sa'a ta matso ta ce, "Malam, ka hana shi tahiyar ga."

"In hana shi, in ba shi mi?"

Ta tashi ta koma ɗaki.

Ranar kasuwa ya sayar da waken da ya keɓe don hidimar damina, suka hau babur shi da Kamilu zuwa Kankiya. A layin 'yan gwanjo suka tsaya wurin wani mai suna Gajere, wanda ya rataye jakunkunan goyo reras a jikin rumfa. Da ya ji inda za a, sai ya sa sanda ya sauko da wata koriya mai ɗamarar ƙugu da ƙarafa a baya.

"Wagga ita ce ta hawan dutse, Baba. Nauyin a ƙugu yake zama, kafaɗa ba ta ji."

Kamilu ya goya ta, ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka. Malam Dalhatu ya ga yadda fuskarsa ta washe. Sai Gajere ya faɗi kuɗinta. Ko da an haɗa da abin da ya rage a rumbu ba za a kai ba. Tsohon bai ma taya ba. Kamilu ya sauke ta da kansa, ya ce ai ta cika girma.

Suka ɗauki wata baƙa irin ta 'yan makaranta, mai ɗan faɗi, zif ɗinta yana cijewa. Rigar ruwa suka sayi ta leda, irin ta 'yan acaɓa. Bargo kuwa akwai na gida.

A kan takalmi aka yi zaman. Duk wanda ya yi wa ƙafar dama daidai, ta hagu sai ta yi iyo a ciki. A gida Kamilu yakan cusa tsumma a takalmin roba ya yi harkarsa, amma Gajere ya ce a gangaren dutse wannan sai ya kayar da mutum.

"Sai dai ku sayi ƙafa biyu, manya da ƙanana, ku cire ɗaya ɗaya."

Gajere ya dubi Malam Dalhatu, ya dubi ƙafar Kamilu, sannan ya shiga bayan rumfa ya jawo wani buhu ya zazzage. Warin takalma ne, waɗanda ke fitowa a dila ba abokansu. Su uku suka durƙusa suna tono. Bayan an sha wuya aka samu na dama, ruwan ƙasa, mai wuya irin na sojoji. Na hagu kuwa ba wanda ya yi sai wani kambas na mata, fari da ratsin ja.

Kamilu ya sa su ya miƙe, ya kalli ƙafafunsa ya tuntsire da dariya. Uban ya kasa taya shi. Ya lura takalmin mai kauri a doguwar ƙafar ya faɗa, ɗingishin ya ƙaru. Suka kai wa shumeka ya liƙa ɓallin taya a ƙasan kambas ɗin, ya bi hannayen jakar da ɗinki biyu. Da Malam Dalhatu ya tambaye shi ko zai riƙe, sai ya ce, "A nan dai zai riƙe. Can ban san irin ruwansu ba."

Washegari da hantsi tsohon ya ce sai an gwada. Ya zuba gero a jakar, suka nufi wani tudu mai duwatsu a hanyar Bauranya. Kamilu ya hau a hankali, yana dafa gwiwa, har ya kai sama ya ɗago hannu. A saukowa ne ƙafar hagun ta goce, nauyin jakar ya fizge shi, ya zo ƙasa da gefe. Malam Dalhatu ya ruga, babbar rigarsa na harɗe shi.

"Kar ka kama ni, Baba."

Ya tsaya cak, hannuwansa a miƙe.

"Can ba ka nan. Bari in tashi da kaina."

Haka ya tsaya yana kallon ɗansa yana kokawa da jaka da ƙafa, gwiwar hannu na jini, har ya miƙe. Suka koma gida. Sa'a ta ga ƙujewar, ta kawo ruwan ɗumi.

Kamilu ya tafi ana tsakiyar noman farko. Da ya isa garin ƙarshe da mota ke zuwa ya bugo waya, ya ce gobe za su hau, kuma sama ba sabis. Daga nan shiru. Malam Dalhatu ya koma yin noma da waya a aljihun gaba. In hadari ya haɗo ta gabas sai ya jingine fartanya yana kallonsa, yana tunanin rigar leda. Har Kusada ya je wurin wani malamin makaranta da aka ce ya taɓa zama a Taraba, ya tambaye shi yadda duwatsun suke. Mutumin ya fara bayani da hannu sama, sai ya lura da fuskar tsohon, ya sauke hannun ya ce, "Ana hawa dai, Malam. Mutane na hawa."

Gero ya fara kai gwiwa ranar da wayar ta yi ƙara. Yana gona.

"Baba, ni ne."

"Kamilu! Lahiyarka? Ƙafar fa?"

Lafiya lau, in ji shi. Sun sauko. Tayar da aka liƙa ta ɓalle tun a yini na biyu, cikin laka. Ya ɗaure kambas ɗin da igiya ya ci gaba, ƙafar ta kumbura, kullum shi ne a baya ana tsayawa jiransa. A wani ƙauye sai da abokan aikin suka raba kayansa a tsakaninsu. Ba wanda ya yi masa gori. Amma shugaban tafiyar ya ce ba zai sake hawa ba. Ba su kore shi ba, sun bar shi a ƙasa, ya riƙa kula da firjin allurai.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Malam Dalhatu, har sai da ya zauna a kan kunya. Ya buɗe baki zai ce alhamdu lillahi, sai ya ji numfashin yaron ya sauya. Kuka yake yi, a hankali, irin na babban mutum da ba ya so a ji.

"Na kai har sama, Baba. Wallahi na kai. Da takalmin ya riƙe..."

Tsohon ya lalubi abin da zai ce. In ya ce gara haka, ya ƙara masa ciwo. In ya ce za a sake sayen wani, ya yi ƙarya, kuma ko da akwai halin ba ya so. Ya matse wayar a kunne da hannu biyu.

"Ina jin ka," ya ce. "Ina nan, ina jin ka."

Ya zauna nan cikin geron yana saurare, har kuɗin wayar Kamilu suka ƙare.