Hawainiyar Uthman

Mijina Uthman maƙerin tukwane ne a Kasuwar Umdurman, kuma a duk mazan unguwarmu shi kaɗai aka taɓa ji yana kiwon hawainiya. A cikin buhun kuɓewar da aka kawo daga Jazira ya tsince ta, ya sako ta a aljihun jallabiya, ya ɗora ta a kan bishiyar lemun tsamin tsakar gidanmu. Mazan wasu nama suke shigowa da shi, nawa kuwa abin da ya kawo mini ke nan. Mahaifiyarsa, Hajja Sakinatu, in za ta wuce bishiyar sai ta ja tob, mayafin nan nata, ta rufe fuska tana a'uziyya, wai in abar ta hura wa mutum iska fatarsa dabbare-dabbare za ta yi.

Ranar da aka fara harbe-harbe, Uthman ya tsallaka Khartum da safe zai kai kaya kasuwar Suk al-Arabi. Bai dawo ba. Da farko wayarsa na shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga.

Daga nan Hajja ta sake hali. Ta koma ajiye kujerarta kusa da bishiyar, tana jan carbi, idonta a kan reshe. Wata rana ta ce mini, "Hadil, muddin abar nan tana kore, ɗana yana da rai." Na ce mata wannan ba magana ba ce, rai a hannun Allah yake. Amma ni ma da na faɗi haka, kullum kafin in ɗora shayi sai na leƙa reshen.

Wata safiya na tarar da hawainiyar ta ɗaga kai sama, baki a buɗe, wani yawu mai yauƙi na kumfa a gefensa. Duk numfashin da za ta ja sai an ji ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Na kamo mata fara, ko kallo ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Na kira Hiba, 'yar maƙwabtanmu da ke karatun likitan dabbobi kafin a rufe jami'a. Ta duba ta, ta ce, "Ciwon ƙirji ne. Ki bar ta a hantsi, ki riƙa ɗiga mata ruwa a ganye. Kuma don Allah kada hayaƙi ya taɓa ta, ko na turare, ko na gawayi. Huhunta bai kai farcena ba." Ta faɗa mini sunan maganin da zan nemo.

Hajja na zaune tana ji. Ta taɓe baki ta ce, "Yarinyar jiya ce za ta koya mana ciwon ƙirji?"

A gidan Hajja, kamar yawancin gidajen Umdurman, maganin ƙirji ɗaya ne: garad, wato 'ya'yan bagaruwa. A zuba a garwashi, a lulluɓe mara lafiya da mayafi ya shaƙa har ya yi gumi. Na san da haka, amma hankalina a kwance na fita, don matar da ko kusa da reshen ba ta kai hannu, me za ta yi?

Titi ba kowa sai masu bindiga a mararraba. Kantin magani na farko an fasa shi, na biyu a kulle. A na uku mai kantin ya miƙo mini ta taga, yana tambayar shekarun yaron. Na biya shi, na ɗaure maganin a bakin zanena. Na dawo ina bin jikin katanga, duk ƙarar da na ji sai in tsuguna.

Tun daga bakin ƙofa warin hayaƙin garad ya tare ni. Na yar da takalma na shiga da gudu. Hajja na zaune a ƙasa, ta lulluɓa da tob tun daga kai, hayaƙi na fita ta gefe, tana tari tana rarrashi: "Shaƙa, ya waladi, ɗana, shaƙa, yanzu za ka ji daɗi."

Na fizge mayafin. Kaskon wuta na tsakanin ƙafafunta. Hawainiyar na tafin hannunta, hannun da bai taɓa taɓa ta ba, ta yi baƙi ƙirin.

"Hajja, me kika yi?"

"Haka nake wa Uthman tun yana goye, ya bitti, 'yata," in ji ta, idonta jawur don hayaƙi. "Bai taɓa kwana biyu da tari ba."

Na karɓe ta na kai ta iska. Ta kama yatsana da 'yan ƙafafunta, ta buɗe baki, cikinta ya kumbura ya sauka. Na tsaya jiran numfashi na gaba. Na yi ta jira bai zo ba, maganin na ɗaure a bakin zanena.

"Ƙarar nan ta daina," Hajja ta ce daga bayana. "Kin ji ko? Ƙirjin ya buɗe."

Na juya zan yi magana, na ga fuskarta, na kasa. Na ɓamɓare ƙafafun daga yatsana, na naɗa su a reshe, suka riƙe.

"Barci take, Hajja."

Ta yi hamdala, ta jawo kujerarta gindin bishiyar, ta ɗauki carbi, ta zauna jiran ta koma kore.