Sabon Rimot Ɗin Motar Baba

Kwana huɗu Auta ta yi tana neman rimot ɗin motar mahaifinta. Ta ɗaga katifa, ta zazzage aljihunan rigunansa, har firij ta leƙa. Tun da mantuwa ta kama tsohon, abin da ya shiga hannunsa sai dai haƙuri. Ga ramin makullin ƙofar direba ya daɗe da lalacewa, kullum sai ta buɗe ɗaya gefen ta tsallaka ta kan giya, da girmanta da komai.

Ranar Laraba, da ta tashi daga makarantar da take koyarwa, ta biya ta sayo sabo. Mai shagon ya haɗa mata da 'yar takarda mai bayanin yadda ake saita shi da motar.

"Ba sai kin kawo motar ba, Malama. Bi abin da aka rubuta, minti biyu ne."

Ƙarfe huɗu za ta kai Baba ganin likita. Ta zaunar da shi a gaba, ta rufe ƙofofi duka kamar yadda takardar ta ce. A murza makulli sau takwas cikin sakan goma, kada a tayar da injin. In ƙofofi suka kulle suka buɗe da kansu, a danna rimot.

Ta murza. Shiru. Ta sake, a na shida injin ya tashi.

"Ina za mu?" in ji Baba.

"Asibiti, Baba."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Gaisuwa za mu."

Gilasai a rufe, gumi na bin bayanta, ƙurar alli ta caɓe a yatsunta. Ta gwada sau bakwai ko tara, lissafin ya ɓace mata. Ta kira yayanta, ya ce yana cikin taro, ta duba bidiyo a waya mana. Wuyan hannunta ya fara zogi. Baba ya sake tambayar inda za su, ta sake ba shi amsa.

"Yarinya, za ki karya makullin mutane," ya ce. "Mota ba a yi mata da ƙarfi. Me kike so ta yi?"

Shekara talatin ya yi yana jan motar ma'aikata kafin ya ajiye aiki. Ta gaji da musu, sai kawai ta karanta masa takardar.

Ya miƙo hannu ta gabanta, ya kama makullin da yatsu biyu. Hannun da ke zubar da ruwa in ya ɗauki kofi, yanzu ko rawa bai yi ba. Tana ƙirgawa yana murzawa. A na takwas ƙofofin suka ce ƙwas, suka sake cewa ƙwas. Ta yi sauri ta danna rimot, suka amsa.

"Ya yi, Baba."

"Me ya yi?"

Ta dube shi, ya riga ya koma kallon katanga.

Sun isa asibiti biyar saura. Mai rubuta sunaye ta ce likita ya tashi, sai Laraba mai zuwa. Auta ta riƙo hannun Baba suka zauna a benci, ta cire takalma ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Sai da suka kusa rabin awa a nan kafin ta iya tashi.