Minti Ashirin a Bayan Igiya

Lasifika suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Ni mai walda ne. Wanda ya shekara talatin yana magana da mutane a cikin ƙarar injin yankan ƙarfe ba zai iya raɗa ba ko ya so. Kullum da yamma idan na rufe shago sai in nufi filin bayan makarantar unguwarmu, inda nake horar da yara ƙwallo, shekara goma sha tara ke nan. Turakun ragar ma ni na ƙera su da ragowar bututun ruwa.

Aikina a bakin layi ba shi da wani sirri. Yaro ya samu ƙwallo, ni zan gaya masa abin da zai yi da ita. “Tare! Juya! Ba wa na dama! Buga!” Su goma sha ɗayan ƙafafu ne, ni ne kan, haka nake faɗa a gaban kowa ina bugun ƙirji. Kofuna bakwai ne jere a kan kanta a shagona, dukkansu da ƙarfin makogwarona na ci su.

A cikin duk yaran da suka bi ta hannuna babu kamar ɗan ƙanwata, wanda muke kira Allura saboda yadda ƙwallonsa ke ratsa tsakanin mutum biyu ba ta taɓa kowa ba. Yana shekara bakwai uwarsa ta kawo mini shi, ta ce, “Yaya, ga ɗanka nan, ka raba mini shi da yawon banza.” Yaro ne mai jin magana har abin ya yi yawa. In na ce hagu, ba ya ko duba dama. Da shi nake yi wa sauran gori.

Bara hukumar ƙwallo ta yankinmu ta buɗe makarantar horar da matasa, ga kwana ga karatu ga fili mai ciyawa. Ba sa ɗaukar wanda ya cika sha shida. Allura yana sha biyar da wata takwas, wato gwaji ɗaya ne gare shi a duniya, babu na biyu.

Kafin gwajin sai da suka tara mu, kocin unguwanni, bitar kwana uku. Mai koyarwar wani saurayi ne siriri mai tabarau, wanda na tabbata ranar da na fara hura usur bai iya ɗaure takalmi ba. Ya tsaya gaban allo ya ce, “Idan yaro ya samu ƙwallo, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka buɗe baki. Ka bar shi ya gani da idonsa, ka bar shi ya yi kuskurensa.”

Na ɗaga hannu. “Ranka ya daɗe, kafin in kai goma ai an zura mana uku.”

Ɗaki ya kwashe da dariya, na zauna ina jin kaina a sama. Mai Tabarau bai yi dariya ba. Ya ce, “Baba, ƙwallo uku a wasan yara ba asara ba ce.” Na ce a raina, ka ji wanda bai taɓa shan kashi a wasa ya komo unguwa ba. Takardar shaidar da suka ba mu, da ita na danne ƙafar bencin shago da ke rawa.

Ranar gwaji ƙanwata ta goge wa yaron rigar wasa har sau biyu. Ta rako mu bakin titi tana cewa, “Yaya, amanarka ce fa.” Na ce ta je ta fara haɗa masa jaka.

Yara sittin ne, gurbi goma sha biyu. Da muka shiga sai na ga an ja wata igiya shuɗiya nesa da bakin layi, an jera mana benci a bayanta. Mai Tabarau ya zo riƙe da takardunsa ya ce, “Kowane rukuni minti ashirin. Koci da iyaye a bayan igiya. Ba kira, ba nuni da hannu, ba fito. Muna so mu ga abin da yaran ke gani, ba abin da kuke gani ba. Wanda ya yi magana za a fita da shi.”

Wani koci mai tumbi da ke gefena ya zungure ni. “Lasifika, yau an cire maka batir.”

Aka hura usur. Ƙwallo ta farko da ta zo wa Allura, ya tare ta da ƙirji ya sauke ta a kan ƙafa kamar an ajiye ƙwai a faranti. Na ji mutanen benci sun ce, “Kai!” Sai ya taka ta, ya waiwayo. Ni yake nema. Cikin wannan waiwayen wani gajeren yaro ya zo ya ɗauke ta ya wuce abinsa.

Ta biyu ma haka. Ta uku ya miƙa wa wanda ya ba shi, kamar ta ƙona shi. Yaron da ke sa manya su ajiye babur su tsaya kallo a filinmu, ga shi a tsakiyar ciyawa yana ta juya wuya kamar wanda ya ɓace a tasha. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Maganganun suna taruwa a wuyana, ina haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba tun ranar da tukunyar gas ta yi tsaki a shago.

Wajen minti goma sha biyu sai na lura ya daina waiwayowa. Ya sunkuyar da kai, ya koma baya kaɗan, yana kallon filin. Ya ba da wata ƙwallo da ta fita waje. Ya sake ba da wata, aka tare. A lokacin na ɗauka ya karaya ne. Na duba agogo: saura minti biyu a kan shekara takwas na aikina.

Sai ga ta ta faɗo masa a bakin da'irar gidan abokan hamayya. Mai tsaron raga ya fito ya bar kusurwar dama a buɗe, ƙofa guda, ko makaho ya gani. Allura ya taka ƙwallon, ya ɗaga kai, bai buga ba. Na ƙirga, wallahi na ƙirga. Ɗaya. Biyu. A uku na miƙe.

“BUGA!”

Ƙafarsa ta tafi kafin in rufe baki. Ƙwallon ta shige kusurwar nan, raga ta girgiza. Na ɗaga hannu biyu ina ihu, sai na ga ni kaɗai nake yi. Masu gadi biyu suka zo suka riƙe ni a gwiwar hannu, da ladabi, suka raka ni bakin ƙofa. Ban damu ba. Na ce su fitar da ni har ƙarshen gari, ƙwallo dai ta shiga.

Da aka liƙa sunaye a jikin allo, na leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofa na karanta sau uku. Gajeren yaron nan yana ciki, shi da ya zubar da ƙwallo ta fi biyar. Allura ba ya ciki.

Na tare Mai Tabarau a wajen motarsa. “Don ni ka hukunta yaro? Ni na yi laifi, ni za ka kora!”

“Ba hukunci ba ne, Baba,” ya ce. “A cikin sittin ɗin nan babu mai ƙafarsa. Amma mu huɗu ne masu zaɓe, kowa yana so ya ga abu ɗaya da yaron ya yanke da kansa. Na roƙe su su jira har ƙarshe, don na ga ya fara buɗe ido. Dama ɗaya ta zo masa, kai ka buga ta.”

“To ku koya masa mana! Ba aikinku ke nan ba?”

“Da yana sha biyu, da na ɗauke shi yau. Gurbi goma sha biyu gare ni.” Ya buɗe mota, ya tsaya. “Kana da wasu ƙanana a filinka. Su ba su makara ba.”

Ya shiga motarsa ya tafi.

A motar komowa Allura ya zauna jikin taga, takalman wasansa a kan cinya. Mun wuce gada, mun wuce gidan mai, yana kallon waje. Ni kuwa bakina ba ya iya zama. Na ce son kai ne, 'ya'yan manya suka ɗauka. Na ce wa ya ci ƙwallo irin tasa a duk filin? Na ce ƙwallon nan ko a talabijin sai an maimaita ta.

“Kawu,” ya ce, bai juyo ba. “Ba bugawa zan yi ba.”

“Me?”

“Akwai wani da ya taho da gudu ta hagu, ba wanda ya gan shi. Na gan shi tun daga tsakiya. Jira nake ya wuce masu tsaron bayan nan, in zura masa ta tsakaninsu. Saura taku biyu.” Ya juya takalmin a hannunsa. “Ni na gan shi, Kawu. Ni da kaina.”

Ban ga kowa ta hagu ba. Shekara goma sha tara ina cewa ni ne idon filin, kuma har yau in na rufe ido na dawo da wannan lokacin, kusurwar dama kawai nake gani.

Da muka sauka ƙanwata tana tsaye a ƙofar gida, ga jakar nan ta haɗa ta jingine a bango. Ta dubi ɗanta, ya wuce ta ya shiga ciki. Sai ta dube ni.

“Yaya, yaya aka yi? Ka yi magana mana.”

Na buɗe baki. Duk unguwar nan an san ana jin muryata daga filin makaranta har bakin titi, amma ranar ƙanwata tana taku ɗaya da ni ba ta ji komai ba.