Tsutsar Dabino da Sunan Farfesa

Wani dare a farkon zafi, mutanen benen da Dakta Afaf Mitwalli take haya suka ji wani irin sauti yana saukowa daga saman rufi. Ba kuka ba ne, ba kuma inji ba. Ya fi kama da wata ƙatuwar dabba tana tauna rake a hankali, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta ci gaba.

Da safe Ammu Zaglul, tsohon mai guga da ke da shago a ƙasan benen, ya tare ta a bakin matakala, kwanon wakensa a hannu.

"Dakta, raƙumi kika hau da shi sama, ko aljani kika ba haya?"

"Tsutsa ce, Ammu."

"Tsutsa? Maƙwabciyarki Ummu Ramzi ta kwana tana Ayatul Kursiyyu a kan tsutsa?"

Afaf malama ce a tsangayar noma ta jami'ar garin, a kudancin Masar. Ta shafe shekaru tana bin wani jan ƙwaro mai kashe dabino. Ƙwaron yakan saka ƙwai a jikin itacen, tsutsar ta kutsa ciki ta yi ta ci, bishiya tana tsaye kore shar har ranar da iska za ta kwantar da ita. Sai Afaf ta haɗa wata 'yar na'ura mai allura. In aka soka allurar a gangar dabino, ana jin taunar tun ido bai ga komai ba, a yi magani da wuri. Ita har ta saba da muryoyin tsutsotsin. Takan ce akwai tsutsa mai gaggawa, akwai mai ci kamar tana jin kunya.

Sautin da aka ji a daren nan taunar tsutsa ce cikin gumaguman dabinon da take gwaji da su, na'urar tana ƙara masa ƙarfi. Abin da ya kai gumaguman saman rufi kuwa, shugaban sashenta ne, Farfesa Shaukat, ya sa aka canza kwaɗon ɗakin gwajinta.

A sashen nan akwai al'ada tun ta kaka da kakanni: duk binciken da za a tura mujalla, sunan shugaba ake fara rubutawa, sannan na wanda ya yi aikin. Ta haka Farfesa Shaukat ya zama masanin auduga, masanin akuya, masanin kifin kududdufi, alhali farar rigarsa ta gwaji ta daɗe a rataye har ƙusar ta yi mata tsatsa. Da Afaf ta gama rubuta nata, ya kira ta ofis, ya sa aka kawo mata shayi.

"'Yata, ni ma haka aka yi mini. Gobe ke za a yi wa. Sa sunan, ƙarin girmanki yana hannuna."

"Farfesa, ka taɓa jin tsutsar ko sau ɗaya?"

"Ina da kunne a kan dukkan sashen."

"To a rubuta maka godiya a ƙasa, saboda kunnen."

Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta gaya masa da sunanta kaɗai za ta tura, ta kuma tura. Washegari kwaɗo ya canza. Ta ɗauko mai keken jaki, aka yi ta jigilar gumaguman zuwa gida, abokan aikinta suna leƙe ta taga, babu wanda ya sauko. Bayan 'yan watanni wata mujalla ta ƙasar waje ta buga aikin, suna ɗaya tal a samansa.

Sai ranar karrama malamai ta zagayo. A ranar jami'a takan tara kowa a babban zaure, a kira waɗanda suka yi abin a zo a gani, a ba su allon tagulla, a ɗauki hoto a rataye a farfajiya. Yadda ake yi, babba ya kama gefen dama na allon, ƙarami ya kama na hagu, su yi murmushi tare. Farfesa Shaukat ya san ba a taɓa yin wanda ya ƙi kamawa a gaban shugaban jami'a ba. Saboda haka ya sa aka zana allon da sunansa a sama, na Afaf a ƙasa da ƙananan haruffa.

Aka karrama wani likita da ya gyara hanyar ɗinkin ido, da wata ma'aikaciyar laburare da ta ceto tsofaffin littattafai daga gara. Aka tafa. Sannan aka kira su biyun.

Afaf ta hau dandamali a hankali. Ta san in ta miƙa hannu an gama: za a buɗe mata ɗakin gwajinta, ƙarin girma zai zo, aikin kuma ya zama na mutum biyu har abada a idon duk wanda ya bi ta farfajiya. Ta karanta allon, ta mai da hannayenta baya ta harɗe su.

Farfesa ya kama gefensa. Allon yana da nauyi, ɗaya gefen ya karkata ƙasa.

"Kama mana, Dakta," ya ce ta cikin haƙora, murmushin yana nan.

"Ka riƙe, Farfesa. Ban taɓa ganin ka ɗauki wani abu na aikin nan ba sai yau."

Abin magana yana kusa da bakinta, don haka har na bayan zaure sun ji. Wani ya fara dariya ya mai da ita tari. Mai hoto ya sauke kyamara yana duban shugaban jami'a, shugaban jami'a yana duban fanka.

"Aikin nawa ne," in ji Afaf, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Mai son gani ya zo saman rufin gidanmu. Hawa biyar ne, babu na'urar hawa."

Ta sauko ta fita. A farfajiyar jami'a aka bar gurbin hoton wayam.

Ba a yi mako biyu ba aka sanar da ita an tura ta wata ƙaramar tashar bincike a wani dausayi can cikin sahara, inda mota ke zuwa in ta ga dama, malamai kuma suke ɗaukar wurin kamar kurkuku. Ba ɗalibai, ba ƙarin girma. Dabino ne kawai iya ganinka, da manoman da suka riga suka aiko suna tambayar yaushe mai allurar za ta iso. Ba ta je roƙon kowa ba.

Ranar tafiya maƙwabta suka fito suna taya ta sauko da kaya. Ummu Ramzi ta ƙulle mata burodi da cuku a tsumma.

"Da kin kama allon nan da yatsa ɗaya ma, 'yar nan, me zai ci ki?"

"Da yatsan ya zama nasa, Inna."

Ta rungume akwatin na'urar a cinya, ta zauna kusa da direba. Motar ta tashi tana hayaƙi, ta sha kwana wajen mai sayar da lemo. Ammu Zaglul yana tsaye a ƙofar shago da dutsen guga a hannu, ya dubi Ummu Ramzi, ya dubi sauran.

"Wai ni kam, korarta aka yi, ko ita ce ta kore su?"